Karkata rubutu a jikin zane: GeoGebra ko Matplotlib?

Duk wanda ya taɓa zana alwatika a kwamfuta ya san takaicin rubutun da ke kwance alhali layin ya karkace. A GeoGebra, manhajar lissafi da Markus Hohenwarter ya fara a 2001 a Ostiriya, umarni ɗaya ne maganin abin: RotateText("a = 5", 45°). Sai dai a kula da ɗan da'irar nan ta digiri. In ka manta ta, manhajar za ta ɗauki 45 a ma'aunin radiyan (wani ma'aunin kusurwa daban da digiri), rubutun ya tsaya a wajen digiri 58, kai kuwa kana ta mamaki.

Matplotlib, manhajar zana jadawali wadda John Hunter ya fitar a 2003, digiri take ƙirgawa kai tsaye: rotation=45, shi ke nan. Amma sai ka iya Python, wato harshen rubuta umarnin kwamfuta. Ƙarfinta yana wajen dogayen sunaye da suka cunkushe a ƙasan jadawali mai sanduna; ka haɗa da ha="right", ƙarshen kowane suna ya zauna daidai ƙarƙashin sandarsa.

Ni dai a gaban ɗalibai GeoGebra nake buɗewa, domin ina jan kusurwar suna kallon rubutun yana juyawa.