Faɗaɗa titi ko kuɗin bas: rigimar 'yan majalisar Texas

A majalisar jihar Texas ta Amurka wannan gardama ta daɗe. Masu son faɗaɗa titi su suke da rinjaye, kuma doka na bayansu, domin harajin man fetur na jihar, senti 20 kan galan tun 1991, kashi uku cikin huɗu titi yake tafiya, sauran kuma makarantu, bas bai da rabo a ciki.

To amma kalli Katy Freeway, wani babban titi a birnin Houston na jihar. An gama faɗaɗa shi a 2008, kusan dala biliyan 2.8, wani wurin layi ya kai 26 in ka haɗa da na gefe, wallahi kamar filin jirgi, amma 'yan shekaru kaɗan go-slow ɗin ya dawo saboda titi na buɗewa kowa sai ya fito da motarsa.

Bas da jirgin cikin gari fa? Houston ta buɗe jirginta a 2004, yana ɗibar jama'a, sai dai garin a warwatse yake, mai zama can bayan gari ba ya amfana sosai. Ni dai da kuri'ata ce, bas zan ba, ko don marasa mota.