Ma'aikaci ya ajiye aiki: ya cika wa'adi ko a biya shi ya tafi?

Manajoji na yawan tambaya: idan ma'aikaci ya miƙa takardar ajiye aiki, a bar shi ya cika wa'adin notis, ko a biya shi kuɗin wa'adin ya tafi nan take?

Ta fuskar kuɗi kusan ɗaya ne, albashin wa'adin sai an biya. Amma a duba yarjejeniyar ɗaukar aiki tukuna, don ba kowacce ta yarda a sallami mutum da kuɗi ba.

Wajen miƙa ragama, barinsa ya cika wa'adi ya fi. Zai rubuta ayyukan da ke hannunsa, ya gabatar da magajinsa ga abokan ciniki, ya mayar da kwamfuta da makullai. Sai dai mai shirin tafiya ba kasafai yake dagewa ba, yakan ma sanyaya gwiwar sauran.

Sallamar nan take na rage haɗari, muddin an rufe imel ɗinsa an sauya kalmomin sirri a ranar. Illarta, duk abin da shi kaɗai ya sani ya tafi da shi.

Mai riƙe da kuɗi ko sirrin kamfani, ko mai komawa wajen abokan gogayya, biyansa ya fi dacewa. Wanda ake rabuwa da shi lafiya, kuma ba a samu madadinsa ba, ya cika wa'adinsa.