Kafin Ka Sayo Jirgin Ruwan Shaƙatawa Na Hannu Don Gaɓar Ada

Tun bayan Babbar Sallah mutum uku suka same ni a unguwar Nima da ke Accra da magana iri ɗaya. Sun je Ada Foah, sun ga jiragen ruwa masu filafilai suna yawo inda kogin Volta ke shiga teku, yanzu suna so su haɗa kuɗi su sayo na hannu daga Turai, su riƙa ɗaukar baƙi Asabar da Lahadi. Na ƙarshensu, wani Alhaji mai shagon kayan mota a Abossey Okai, ya miƙo mini waya yana nuna hotuna: falo mai faɗi, kujeru farare, ɗakin kwana uku, banɗaki biyu. Na ce, "Alhaji, Allah ya sa albarka, amma ina hoton ƙarƙashin daɓen?" Ya duba hotuna talatin da wani abu, babu ko ɗaya.

Waɗannan jiragen na masana'anta ne, ana zuba faiba a cikin mazubi a fitar da su ɗaruruwa kamar motoci. Beneteau na Faransa shi ne babba, tun 1884 suka fara da jiragen masunta, kuma a 1995 suka saye maƙwabcinsu Jeanneau. Jamus tana da Bavaria da Hanse, Amurka tana da Catalina, Suwidin kuma Hallberg-Rassy. Duk suna tafiya, duk an ratsa manyan tekuna da su. Amma yawancin na zamani an zana su ne don masu hayar mako guda a Bahar Rum, inda kowane dare akwai matsaya mai wuta da ruwan famfo, kuma injin ɗaga jirgi yana kusa. Mu a nan abin da ke jiranmu shi ne tudun yashi da ke sauya wuri a bakin Volta, igiyar ruwa mai tasowa daga kudu maso yamma, guguwar farkon damina da ke afkowa daga gabas ba sallama, ga zafi da gishiri da ke cin komai.

Shi ya sa falo mai faɗi ba ya burge ni. Jirgi na tsaye a matsaya, faɗin nan abin sha'awa ne. Da ya karkata cikin igiya, baƙonka zai tashi daga kujera ya nemi abin kamawa ya rasa, sai haƙarƙarinsa ya haɗu da gefen tebur. Ka shiga jirgi ka taka daga matakala zuwa ɗakin gaba, ka ga ko hannunka zai iya barin wani mariƙi ya kama na gaba ba tare da ka saki jiki ba. Ka duba ko murhun girki yana lilo da kansa idan jirgi ya karkata, ko teburin yana da baki mai tare kofi, ko akwai gado mai tsawo a tsakiyar jirgi inda mutum zai kwanta bai mirgino ba.

Ni dai in kuɗina ne, tsohon Westerly na Ingila mai ƙafa biyu a ƙasansa da yake tsayuwa a kai zan saya, ko Konsort mai tsawon ƙafa 29 da ya fito a 1979, ko Fulmar mai ƙafa 32 da ya biyo baya a 1980. Kamfanin ya rufe tun 2000, amma jiragensa na nan birjik a gaɓar Ingila. Wani ƙarami a cikinsu, Centaur, guda 2,444 aka ƙera. Kowane jirgi irin wannan yana da ƙarfe mai nauyi a ƙasansa, kil, wanda ke hana iska kifar da shi. Na zamani guda ɗaya ne, dogo siriri, yana nitsewa kusan mita biyu. Na Westerly mai ƙafa biyu an raba shi biyu, hagu da dama, kuma Konsort bai cika mita ɗaya ba a ruwa. Ka taɓa yashi a Ada da mai kil ɗaya lokacin da ruwa ke janyewa, zai kwanta a gefe kamar saniya mara lafiya. Mai ƙafa biyu tsaye zai zauna, ku sha shayi ku jira ruwa ya dawo. Janyewar ruwa a gaɓarmu ba ta da yawa, mita ɗaya da 'yan kai ce a ranakun da ta fi ƙarfi, amma ta isa ka sauka da goga ka kankare yawancin ƙazantar cikinsa ba ka biya injin ɗagawa ba. Jikinsa faiba ce mai kauri, kabad da shimfiɗa katako ne na gaske da kafintan Nima zai iya gyarawa, kuma injinsa sanda ce miƙaƙƙiya zuwa farfela, abin da duk makanikin dizal a Tema zai gane da kallo ɗaya. Yana da nasa aibi, ban ɓoye ba. Ledar silin ɗinsa tana saki ta zubo idan soson bayanta ya ruɓe. Jikin wasu yana yin ƙuraje. An yi shi don sanyin Ingila, dole ka ƙara tagar sama da fanka da rumfa, in ba haka ba cikinsa tanderu ne a watan Maris. Kuma gindin ƙafafun nan biyu, musamman a Centaur, sai an leƙa an tabbatar ba tsaga. Duk waɗannan gyara ne da ido ke gani, kuɗinsu kuma ana iya ƙiyastawa tun kafin a saya.

Jeanneau Sun Odyssey na farkon shekarun 2000 shi ne na biyu a wurina, in ka samu mai gajeren kil. Oceanis na Beneteau da Bavaria sun fi yawa a kasuwa, kuma da yawansu tsofaffin jiragen haya ne da suka sha hannu. Hallberg-Rassy ƙira ce ta a zo a gani, sai dai kuɗinsa ya sayi Westerly da yawa, daɓen katakon tik ɗinsa kuma yana ƙona tafin ƙafa da azahar. Jirgi mai jiki biyu irin Lagoon ya dace da ɗaukar baƙi, amma wanda ke da kuɗinsa ba ya buƙatar shawarata.

Dalilin da ya sa na matsa wa Alhaji kan ƙarƙashin daɓe: an taɓa ƙona ni. Mu huɗu muka haɗa kuɗi, wani dillali da ban taɓa ganin fuskarsa ba ya turo hotuna da bidiyo, ya ce akwai wani mai saye yana jira, muka tura kafin alƙalami. Ranar da jirgin ya iso Tema na ɗaga allon daɓe, na ga kwarinsa fari fat, har fentin yana wari. Na sa farce a gefen notin kil, fentin ya ɓare, tsatsa ja ta biyo. A jiragen zamani da yawa akwai wata raga ta faiba da ake mannawa a cikin jiki don ta ɗauki nauyin kil, kuma idan jirgi ya daki dutse da gudu ragar tana rabuwa da jiki ba a gani daga waje. Tamu ta rabu, an cike da gam an shafe. Ba ƙaramin abu ba ne. A Mayun 2014 jirgin Cheeki Rafiki ya rasa kil ɗinsa a tsakiyar Atlantika yana komawa Ingila daga Antigua, mutum huɗu suka rasu, kuma bincike ya nuna ya taɓa gogar ƙasa a baya an yi masa gyara.

Don haka ba a cinikin biri a sama. Ka ɗauki safiyon jirgi, wato gwanin binciken lafiyar jirgi, da kai ka zaɓa, kai ka biya, ba wanda dillali ya kawo ba, kuma a fitar da jirgin daga ruwa a gabansa. Sabon fenti a kwarin tsohon jirgi abin tuhuma ne. A ƙwanƙwasa saman jirgin da ƙaramar guduma, inda sauti ya mutu ruwa ya shiga katakon da ke tsakanin faiba. A fasa ƙurji ɗaya na cikinsa, in ruwan ya yi warin tsami ciwon ya kama. A kankare kan famfunan da ke huda jiki, in tagullar ta koma ruwan hoda ta mutu, tana iya karyewa a hannunka. Wayoyin da ke riƙe dogon turken filafilai bayan shekara goma ake sauya su, a nuna rasit. Injin da ke da ƙafa mai ratsa ƙasan jirgi yana da robar da Volvo Penta ta ce a sauya duk shekara bakwai, ka tambayi ranar da aka sa ta.

Sai takardu. Lambar jikin jirgi tana baya ta hannun dama, na Turai da aka ƙera daga 1998 haruffa da lambobi 14, biyun ƙarshe shekarar ƙira ce, ka gwada ta da abin da ke takarda harafi bayan harafi. Wanda ya ce maka alamar CE ta cika ƙa'idar Turai, mai harafin A na jirgin babban teku, ta isa shaida, ka sani ta ranar fitowa daga masana'anta ce, kuma jiragen da suka girmi 1998 ma yawanci ba su da ita. Ka yi hattara da masu arha daga tsibiran Karebiyan, guguwar Irma ta 2017 ta farfasa jiragen haya da yawa a can, wasu an lallaɓa su an mayar kasuwa. Ka nemi shaidar cewa babu bashin banki a kansa, ka je Ghana Maritime Authority ka ji sharuɗɗan rajista da na ɗaukar fasinja kafin ka tura ko sidi ɗaya. Kuma duk dillalin da ya ce zai sa maka Konsort a kwantena ƙarya yake yi: cikin kwantena bai kai mita biyu da rabi ba, faɗin jirgin kuwa ya wuce mita uku. Alhaji ya tura wa nasa dillalin saƙo tun ranar Talata yana neman hoton notin kil da lambar jiki, har yau shiru.