Gargaɗi ga mafarauta da 'yan sa-kai: masu tallan kayan ɗura harsashi ta waya 'yan damfara ne

Assalamu alaikum. Na rubuta wannan ne domin iyayenmu mafarauta da ƙannenmu 'yan sa-kai na ƙasar Katsina da Daura, da duk magidancin da tsoron 'yan bindiga ya hana shi runtsawa har ya fara tunanin neman abin kare kai ta bayan fage. Don Allah wanda ya karanta ya isar wa wanda bai iya karatun boko ba.

Akwai wasu da ke yaɗa talla a guruf-guruf na WhatsApp da shafukan Facebook, wai suna sayar da kayan ɗura harsashi a gida. Bidiyon da suke turowa na wani Bature ne zaune gaban tebur, yana auna albarushi a ɗan ƙaramin sikeli, yana danna wani ƙarfe mai hannu, can sai a nuno shi ya harbi faranti daga nesa mai tsananin gaske. A kan bidiyon sai a ɗora muryar Bahaushe yana cewa da kuɗi kaɗan kai ma za ka riƙa haɗa harsashinka, bindigarka ta riƙa cin abin da ke mita 500 ko fiye. Bidiyon ba nasu ba ne, tsinto shi suka yi a intanet. Muryar da ƙaryar ce kawai tasu.

In ka yi wa mai tallar magana, zai tarbe ka da ladabi. "Baba, ai don irinku muka kawo kayan nan, ku ne ke tsare mana gari." Zai ce kayan suna ƙetaren iyaka, za su shigo ta Kongolam ko ta Magamar Jibiya, sai dai a ba da kafin alƙalami. Lambar asusun da zai turo sunanta daban da sunan da ya gaya maka, zai ce ta ƙaninsa ce mai POS. Bayan kwana biyu sai a nemi kuɗin mota. Daga nan sai labari ya zo cewa an tsare direba a shinge, a turo na goro a sake shi.

Inda abin ya fi muni shi ne mataki na ƙarshe. Wata baƙuwar lamba za ta kira ka, mai maganar ya ce shi jami'in tsaro ne, an kama kaya da sunanka da lambarka a jiki, ko ka turo kuɗi a kashe maganar ko gobe a zo har gida a ɗauke ka a matsayin mai kai wa ɓarayin daji makamai. Duk wanda ya san halin da ake ciki a Batsari, Safana, Ɗanmusa da sauran garuruwan bakin dajin Rugu ya san nauyin wannan zargi. Mutum zai sayar da akuya, ya sayar da hatsin da ya ajiye wa iyali, don kada sunansa ya fita. Mai kiran kuwa abokin mai tallar ne, wata sa'a ma shi ne da kansa ya sauya murya. Sun gina damfarar ne a kan abu guda: sun san wanda suka cuta ba zai iya kai ƙara ba, domin abin da ya nema ya saya doka ta hana.

To, a ajiye maganar kuɗin, a dubi alkawarin kansa. Abin da ke sa bindigar nesa ta ci saiti shi ne wasu tsagogi da aka murɗa a cikin bututunta, waɗanda ke sa harsashi ya fita yana juyawa, juyin nan ne ke riƙe shi a kan hanya. Adaka ko harba-ka-ruga da maƙeranmu ke ƙerawa ba ta da su. Bindigar farauta mai baki ɗaya ko baki biyu ita ma cikinta sumul yake, an yi ta ne ta watsa ƙananan dalma a kan zabo ko zomo a tazarar da ba ta wuce mita 40 zuwa 50 ba. Babu albarushin da zai sauya wannan. Duk tsohon mafarauci ya san haka a aikace, shi ya sa yake rarrafe ya matsa kusa da nama kafin ya ja kunama.

A Amurka, inda ɗura harsashi a gida halal ne a doka, masu yi ba da ka suke yi ba. Suna bin littattafan da kamfanonin albarushi suka wallafa bayan gwaji a ɗakunan bincike, suna awo da wani ma'auni da ake kira giren, wanda sai an tara 15 da ɗoriya kafin su kai giram 1. Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne ƙarfin da ke tasowa a cikin bindigar zamani lokacin harbi yana kaiwa kusan fam 60,000 a kan kowane inci murabba'i. Iskar tayar mota 30 da 'yan kai ce a wannan ma'auni, kuma kowa ya san ƙarar fashewarta. Yanzu a ce wani da ba ka taɓa ganin fuskarsa ba ya aiko maka da gari a leda, ba suna, ba takarda, ya ce ka zuba "kamar rabin cokali".

Na faɗi haka ne domin wasunsu sukan aiko da wani abu, don su samu hoton da za su yaudari na gaba da shi. Wani lokaci garin gawayi ne da yashi, wanda aka aiko wa wannan ya yi sa'a. Wani lokaci kuma garin da aka farke daga abin wasan wuta ne, ko albarushin zamani mara hayaƙi da aka kwashe daga tsofaffin harsasai aka gauraya. Albarushi mara hayaƙi, wanda aka fara yi a Faransa a 1884, ƙarfinsa ya ninka na baƙin albarushin gargajiya nesa ba kusa ba. In ya shiga adaka da aka yi da bututun ruwa, ƙarfen tarwatsewa yake yi, kuma hannun hagu da fuskar mai harbin su ne mafi kusa da shi. Yaron da ke tsaye a gefe yana kallo shi ma bai tsira ba.

Ga kuma doka. Dokar makamai ta Najeriya, wadda asalinta tun 1959 ne, ta hana kowa ƙerawa ko haɗa harsashi in ba a ma'ajiyar makaman gwamnati ko masana'antar soja ba, irin DICON ta Kaduna da aka kafa a 1964. Bindigar farauta sai da lasisi daga Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka kuma daga kwamishinan 'yan sandan jiha. Lasisin riƙe bindiga bai ba kowa izinin buɗe maƙerar harsashi a zaurensa ba. Dokar fashi da makamai ta 1984 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko tara, ko duka biyun, ga wanda aka samu da makami ba bisa ƙa'ida ba. Wanda ya ce maka yana da "takarda daga sama" da za ta rufe ka, ƙarya yake yi.

Wallahi ban ga laifin wanda tsoro ya kai shi nan ba. Mutumin da aka kore wa shanu, aka ɗauke masa 'ya, aka hana shi noma gonar gadonsa, in ya ji an ce ga mafita da araha dole zuciyarsa ta karkata. Abin da ke ƙona min rai shi ne a samu ɗan uwanka Bahaushe ya zauna ya lissafa hawayen nan a matsayin jari. Mai son taimaka wa tsaron garinsu yana da ƙofar da ba ta kai mutum kurkuku: rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a watan Oktoba na 2023, da ƙungiyoyin 'yan banga da mafarauta masu rajista da ke aiki da sanin hakimi da DPO.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya tsaya haka, kada ya ƙara ko kwabo, ko da an yi masa barazanar kamu. Jami'in gaskiya ba ya sasanta laifin makami ta lambar POS. Kada ya goge saƙonnin da shaidar tura kuɗin. Ya sami mai unguwa ko Sarkin Baka ya faɗa masa komai, sannan su nemi lauya kafin a je ofishin 'yan sanda ko EFCC. Mara hali yana iya zuwa hukumar ba da tallafin shari'a ta tarayya, wadda ke taimaka wa talaka kyauta. Masu kula da guruf su cire duk wanda ya turo irin wannan talla, su kuma sanar da sauran 'yan guruf ɗin dalili.

In kuma ledar garin ta riga ta iso hannunka, kada ka gwada ko ɗan ƙanƙani, kada ka ba maƙeri ya duba maka. Ka nisanta ta da murhu da rana da hannun yara, ka kira shugaban ƙungiyarku a yau ɗin nan a san yadda za a miƙa ta ga hukuma.