Sharhi kan abin ɗora laftof da na saya a Circle

Aikina buga takardu ne a wani shago a unguwar Nima, cikin Accra ta Ghana: wasiƙu, takardun neman aiki, da cike wa mutane fom a intanet. Wuni ake yi kai a sunkuye, don ita laftof fuskarta da madannanta a haɗe suke, in hannu ya sami daidai to wuya ne ke shan wahala. Kan babban mutum ya kai kusan kilo 5, kuma da ka sunkuya, jijiyoyin ƙeya da kafaɗa ne ke riƙe da wannan nauyi. Ni dai kafin la'asar ƙeyata ta riƙe.

A Tip Toe Lane, layin masu sayar da wayoyi da kwamfuta a unguwar Circle, na sayi abin, na alminiyam ne mai naɗewa, ana ɗaga shi hawa-hawa. Na saita shi har saman fuskar laftof ɗin ya zo daidai idona, na tura shi nisan tsawon hannu. Wuyana ya saki ƙwarai, har juya kai wajen sallame salla ya daina yi mini zafi. Iska ma tana ratsa ƙarƙashin na'urar, ba ta ƙara ɗaukar zafi irin na watan Maris ba.

Amma abin ba ya aiki shi kaɗai, kuma nan nake so 'yan'uwa su kula. Yaron shagon, ɗan Maamobi, ya ce mini, "Hajiya, ki haɗa da kibod da maus, in ba haka ba ciwon zai koma kafaɗarki." Allah ya yi masa albarka, gaskiya ya faɗa. In ka yi rubutu a kan laftof tana sama, gwiwar hannu na rataye, wuyan hannu a lanƙwashe, ba a jimawa yatsu su fara mutuwa. Kibod a kan tebur ake so, gwiwar hannu kusa da jiki, wuyan hannu a miƙe.

Aibinsa biyu: robar da ke riƙe laftof ta fara ɓallewa, kuma yana ɗan rawa da babbar laftof mai inci 15.6. Gajiyar ido kuma ba ruwansa da ita, sai dai bayan kowane minti 20 in dubi nesa, kamar mita 6, na daƙiƙa 20.

Mai niyyar saye ya tafi da laftof ɗinsa, ya ɗora, ya girgiza tebur ya gani kafin ya fitar da sidinsa.