Ƙarfin hannu ko sufanar awo: da wanne za a ɗaure notin birki?

Malam, ka ce ka kai Corolla ɗinka ƙirar 2006 an canja maka fad ɗin birkin gaba, ka ga yaron gareji ya zura fayif a sufana yana danne kowane noti har motar na rawa a kan jak. Daga baya wani abokinka ya ce aikin bai yi ba, tunda ba a ɗaure da sufanar awo ba, wato wadda kanikawa ke ce wa tok. Kana so ka san ko da gaske akwai bambanci, ko kuwa iyayi ne kawai na masu karanta littafin mota.

Akwai bambanci, amma ba a kan kowane noti yake da nauyi iri ɗaya ba. Shi ya sa gardamar ba ta ƙarewa: kowane ɓangare yana da motar da zai nuna ya ce ga shaidata.

Mu fara da abin da ake aunawa. Ɗauri ba wani abu ba ne illa nauyin da ka danna, a ninka shi da tsawon sufanar. Ana rubuta ma'auninsa da Nm, wato Newton-mita. Idan ka rataya kilo 10 a ƙarshen ƙarfe mai tsawon mita ɗaya, ka ba notin kusan 98 Nm. Idan ƙarfen rabin mita ne, rabin haka ka ba shi. To a ƙafar gaba ta irin motarka, ga abin da Toyota ta rubuta. Manyan notuna biyu masu riƙe gindin kalifa (ƙarfen da ke matse fad a jikin faifan birki) a jikin ƙafa, waɗanda sufana 17 ke kamawa, 107 Nm. Ƙanana biyu na kan sandunan da kalifar ke zamewa a kai, masu sufana 14, 34 Nm. Notin mai rami da ke haɗa tiyon man birki da kalifa, wajen 30 Nm. Ɗan ƙaramin nonon da ake buɗewa a fitar da iska, 8.3 Nm kacal. Notin taya kuma 103 Nm. Daga mafi ƙanƙanta zuwa babba ninki 13 ne, kuma duk suna wuri ɗaya da tafin hannu biyu za su rufe.

Nan ne matsalar hannu take. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma ba na musun haka ga tsohon bakanike da ya shekara ashirin yana kwance ƙafar Toyota. Sai dai hannu yana da wani ɗauri da ya saba da shi, kuma duk notin da ya kama, can yake jansa. Sakamakon haka kuskurensa kusan kullum salo ɗaya ne: ƙananan notuna su sha ƙarfin da ya wuce kima, manya kuma ko dai su gaza, ko kuma a kawo fayif a wuce gona da iri. Sufanar awo ba ta da sabo. Lambar da ka sa mata ita take ba ka, ko da safe kana da ƙarfi, ko da la'asar ka gaji kana so ka sallami mai mota.

Ɗauki manyan notunan nan masu 107. Idan sufanar hannu ce mai tsawon santimita 20, sai ka danna mata kusan kilo 55, fiye da buhun siminti, kafin ka kai lambar, kuma kana tsugune a bayan faifan birki inda ko gwiwar hannu ba ta samun sarari. Yawancin mutane ba sa kaiwa. Notin da bai ɗauru ba ba ya faɗuwa ranar. A hankali yake kwancewa, ka fara jin ƙwas a duk lokacin da ka taka birki ko ka koma da baya, har wata rana kalifar ta karkace ta dinga gogar cikin ƙarfen taya. Wanda ya san gangaren Hawan Kibo a hanyar Jos ba zai so ya gano haka a can ba. Yaron garejinka ya san wannan haɗarin, shi ya sa ya ɗauko fayif. Amma lissafa abin da fayif ke yi: mutum mai kilo 70 idan ya sake nauyinsa a kan fayif mai rabin mita, ya ba notin sama da 340 Nm, ninki uku na abin da ake so. Noti kamar roba mai tauri yake, miƙewar da yake yi kaɗan ita ce ke matse ƙarafa biyu. In aka ja shi ya wuce iyakarsa ba ya komawa, ya zama mai rauni ko da a ido lafiyarsa ƙalau. A wannan wurin sufanar awo ta fi hannu nesa ba kusa ba, ko da yake, in faɗi gaskiya, waɗannan manyan notunan ƙarfe ne mai ƙwari kuma sun fi sauran haƙuri da zalunci.

Masu sufana 14 kuwa, a nan hannu ya fi kusa da daidai. 34 Nm da sufana mai santimita 20 kusan kilo 17 ne, kamar ɗaga bokitin ruwa da hannu ɗaya, kuma shi ne ɗaurin da hannun bakanike ya fi sabawa da shi. In ƙwararre ya ɗaure su da gajeriyar sufana ba tare da fayif ba, ba zan tayar da jijiyar wuya ba. In an sa musu fayif, to nan akwai magana, don siraran notuna ne kuma kansu na tsinkewa.

Inda na fi jin tsoron hannu shi ne ƙananan nan biyu masu rami a ciki. Na taɓa tsayawa a wani gareji ana fitar min da iska bayan canjin man birki. Ina cikin mota ina taka feda, maigidan na cewa “taka, riƙe, saki”, yaronsa na buɗe nonon yana rufewa. Da aka gama, yaron ya ce bari ya ƙara masa kaɗan don kada ya yi yoyo. Ban ji wata ƙara ba. Sai kawai na ga ya miƙe a hankali, kan nonon na cikin bakin sufanarsa, sauran kuma ya maƙale a jikin kalifa, mai na tsattsafowa yana bin faifai. Aka gwada huda shi, zaren ramin ya lalace. Aikin da bai kai na minti talatin ba ya zama tafiya kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano neman kalifa, na kwana biyu ba mota. Garin neman gira aka rasa ido. Abin da yaron bai sani ba, nonon nan ba da ƙarfin zare yake tare mai ba. Tsininsa ne ke zama a cikin wani ɗan gurbi mai siffar mazurari, da ya zauna shi ke nan. 8.3 Nm da ’yar sufana mai santimita 10 bai wuce kilo takwas da rabi ba, aikin yatsu ne, ba na kafaɗa ba.

Haka notin tiyo. Shi ma rami ne da shi don mai ya bi ta ciki, kuma abin da ke hana yoyo wasoshin jan ƙarfe ne guda biyu, wato siraran zobba, ɗaya sama ɗaya ƙasa, masu laushi, da ke lotsewa idan an matse. Sau ɗaya suke lotsewa da kyau. Abin da aka saba yi shi ne a mayar da tsofaffin, a ga suna tsattsafo, sai a ƙara ɗauri, a ƙara, har notin ya tsinke ko zaren kalifa ya tafi. Maganin yoyo a nan sabuwar wasa ce, ba ƙarin ƙarfi ba.

Sai notin taya, wanda mutane ba sa lissafa shi cikin birki alhali shi ne ke matse faifan birki a mazauninsa. A nan abokin hamayyar sufanar awo ba hannu ba ne kaɗai, har da bindigar iska ta masu faci, wadda ke iya zuba ɗaruruwan Nm cikin daƙiƙa biyu. Illar biyu ce. Ta farko ka riga ka santa: ranar da taya ta yi faci a daji, kai da sufanar cikin but ku yi ta kokawa ba abin da ya motsa. Ta biyu ta fi ɓoyuwa. Idan noti ɗaya ya sha 200 na kusa da shi ya sha 80, faifan na iya zama a ɗan karkace, kaurinsa ya dinga cinyewa ba daidai ba, bayan ’yan watanni sitiyari ya fara karkarwa in ka taka birki a guje. Sai a ce maka faifan ne jabu. Ɗaurin taya ana yinsa ne a tsallake, noti da wanda ke fuskantarsa, a zagaya sau biyu, a kuma sake dubawa bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.

Kada kuma in sa ka ɗauka cewa duk wanda ya riƙe sufanar awo ya gama. Ita ma tana da nata ramukan, kuma na ga waɗanda suka faɗa.

Na farko, ba matsewar noti take aunawa ba, wahalar juya shi take aunawa. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin da ka sa yana ƙarewa ne a gogayyar zare da ta ƙarƙashin kan noti, ɗan abin da ya rage ne ke matsewa. Don haka zare mai tsatsa da ƙurar hunturu zai sa ta yi ƙara tun notin bai kama ba, zaren da aka shafa wa baƙin mai kuma zai sa notin ya matsu fiye da kima a kan lamba ɗaya. Lambobin da na kawo na zare ne mai tsabta, busasshe. A goge da burushin waya, a fara ɗaurawa da yatsu, in ya ƙi tafiya da yatsu a tsaya a duba. Giris na sandunan zamiya ne, ba na zare ba, shi ma irin na birki wanda ba ya kumbura roba.

Na biyu, karanta lamba. Yawancin motocinmu ’yan Kwatano ne da suka fito daga Amurka ko Turai, kuma littattafan Amurka da nasu ma'aunin, fam-ƙafa (ft-lb), suke rubutu: 107 Nm shi ne 79, 34 shi ne 25, 103 shi ne 76. Na nonon fitar da iska kuma sukan rubuta 74, amma fam-inci (in-lb) ne, ba fam-ƙafa ba. Wanda ya rikita su ya ba ɗan nonon nan ninki 12, wato ɗaurin notin taya. Hannun jahili ma ba zai yi wannan ɓarnar ba. Kuma lambar Corolla ba ta Golf ba ce. Wasu motocin Jamus ma notinsu na birki sau ɗaya ake amfani da shi, ana ɗaure shi zuwa wata lamba sannan a ƙara juya shi wasu digiri.

Na uku, ita kanta sufanar. Mai yin ƙas idan an kai lamba ita ta fi sauƙin aiki a lungu, kuma mai kyau ba ta kuskure fiye da kashi 4 cikin ɗari, amma sifirin ne a cikinta: in an gama a sassauta ta zuwa lambarta ta ƙasa, kada a kwance noti da ita, kada a jefar da ita ƙasa, kuma ƙas ɗaya ya isa, ba a sake dannawa don tabbatarwa. Mai allura, wadda sandarta ke lanƙwasa tana nuna lamba, ta fi araha da juriya, sai dai dole idonka ya ga allurar, abin da ke da wuya a bayan ƙafar mota. Sannan kowace tana da iyakarta. Babbar da ke farawa daga wajen 40 ta kai 200 za ta yi maka taya da gindin kalifa, amma ba ta san da zaman 8.3 ba, kuma a can ƙasan ma’auninta ba abin dogaro ba ce. Ƙananan notuna sai ƙaramar sufana.

Game da motarka, ga abin da zan yi da ni ne. Tunda fad kawai aka canja, mai yiwuwa ba a taɓa tiyo da nono ba. Leƙa ka gani ko akwai danshin mai a wurin, in babu ka bar su. Ka nemi gareji mai sufanar awo, a sassauta notin taya da na kalifa ɗaya bayan ɗaya a sake ɗaure su a kan lamba. Sassautawar dole ce, domin in ka ɗora ta a kan notin da ya riga ya wuce kima, ƙas za ta yi nan take, ka ɗauka daidai yake. Masu sufana 14 ɗin nan da suka sha fayif, a zare su gaba ɗaya a duba su a haske: in ka ga zaren ya buɗe ko wuyan ya sirance a wani wuri, a sa sababbi irin nasu, kada a ɗauko kowane noti daga cikin gwangwani. In an sauke motar, ka taka feda sau da yawa har ta yi tauri kafin ka sa giya.