Akwatin gwajin ɗumama ƙarfe: hita mai kyau, ma'aunai masu buƙatar kulawa

Na yi zangon karatu guda ina koyar da darasin zafi da wani akwatin gwaji da ake sayar wa makarantu. A cikinsa akwai dunƙulen alminiyum da na jan ƙarfe, kowanne mai nauyin kilo 1, da siririyar hita mai ƙarfin wat 50, da ma'aunan zafi guda uku. Kowane dunƙule yana da ramuka biyu a samansa, babban na hita, ƙaramin kuma na ma'auni.

Hitar ce ta fi gamsar da ni. Duk malamin da ya taɓa sa ɗalibai su ɗumama abu a kan harshen wuta ya san yadda iska kaɗan ke karkatar da shi, da yadda wani rukuni zai matso da kwano kusa wani ya nisanta, har sakamakon ya sha bamban ba tare da an gane dalili ba. Hitar kuwa, muddin wutar da ke shiga cikinta ba ta sauya ba, jul 50 (jul shi ne awon yawan makamashi) take bayarwa a kowace daƙiƙa, wato jul 15,000 a minti 5. Kilo 1 na alminiyum yana buƙatar kimanin jul 900 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri 1, jan ƙarfe kuwa kimanin 385, saboda haka lissafi ya nuna na farko zai hau da kusan digiri 17, na biyu da kusan 39. Tun da nauyi ɗaya ne, lokaci ɗaya, hita ɗaya, nau'in ƙarfen kaɗai ya canza, kuma wannan shi ne gwajin da aka yi wa adalci.

Sai dai ba mu taɓa kaiwa waɗannan alƙaluma ba, domin akwatin bai zo da abin naɗe dunƙulen ba, zafi kuma yana tserewa ta gefe da ƙasa. Da muka naɗe su da auduga mai kauri, muka ɗora su a kan katako, sai sakamakon ya matso kusa da lissafi. Ɗigon mai a ramin ma'auni ma ya taimaka, saboda iskar da ke tsakanin gilashi da ƙarfe tana jinkirta shigar zafi. Wata ɗaliba ce ta lura cewa ma'aunin yana ci gaba da hawa bayan an kashe hita, tun daga ranar muka riƙa jira mu rubuta lamba mafi girma.

Ma'aunan ne suka fi ba ni takaici. Na tsoma su tare a cikin ƙanƙara mai narkewa, inda ya kamata kowanne ya tsaya a kan digiri 0, amma ɗaya ya saɓa wa sauran. Na yi masa alama, na kuma hana kowane rukuni sauya ma'auni a tsakiyar aiki.

Akwai kuma batun maimaitawa. Ina son a yi kowane gwaji sau 3 a ɗauki matsakaici, amma dunƙulen ba ya hucewa da wuri, kuma idan aka sake farawa da ɗuminsa zai fi zubar da zafi, awon ya gurɓata. Na ga ya dace makaranta ta sayi akwatin, amma ta haɗa da ƙarin dunƙule da abin naɗewa, ta kuma gwada kowane ma'auni kafin ya shiga hannun ɗalibai.